Yadda Kaftin Ya Raka Auta Filin Jirgi

"Ni da kuke gani, babu ƙofar filin jirgin da ba ta san takuna ba. Korona ta rufe iyaka ne ga 'yan koyon tafiya, ba ga irinmu ba. Ku ba ni yarinyar nan. In ban zaunar da ita a kujerar jirgi da hannuna ba, ku aske mini gemu da fasasshiyar kwalba."

Wanda ya yi wannan cika baki, mai karatu, a kasuwa Kaftin ake ce masa. Kada ka yi saurin cire hula. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa shiga jirgi ba, kai ko lilon yara aka ɗora shi sai ya ƙanƙame sarƙa yana salati. Akwatunan tafiya yake sayarwa, sababbi da na gwanjo, a tsakiyar layin 'yan akwati. Duk iliminsa na ƙasashen waje daga jikin na gwanjon ya samo shi, wato 'yan takardun nan masu danƙo da ake liƙa wa kaya a filin jirgi. Yakan ɓare su a hankali da reza, ya liƙa a jikin wata tsohuwar jakarsa ta fata, ya rataye ta a ƙofar shago. Duk wanda ya tsaya kallo, sai Kaftin ya shafa jakar, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Yawo ke nan, ɗan'uwa. An ga duniya." Don shaƙiyanci 'yan layi suka sa masa Kaftin. Shi kuwa washegari ya kira mai fenti ya rubuta masa a allon shago.

A ba shi haƙƙinsa, akwati kam ya san shi. Zif ya ja sau ɗaya zai gaya maka ko zai kai baɗi. Taya ya murza da yatsa zai gaya maka ko za ta jure tsakuwa. Da ya tsaya a nan, da ba mu da magana da shi. To bai tsaya ba.

Yana da ƙanwa tela, mijinta ya rasu, da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta. Kowa Maman Auta yake kiran ta. Auta kuwa yarinya ce mai kai, ta ci jarrabawa ta samu gurbin karatu kyauta a wata ƙasa mai nisa, za ta karanta injiniyancin ruwa. Ana shirin tafiya annoba ta faɗo, aka rufe iyakoki, aka ajiye jirage. Yarinya ta yi wata da watanni tana bin darasi ta waya, a zaune kan matakalar bene inda sabis ya fi kamawa, malami na magana murya na yankewa. Can sai makarantar ta aiko da labari: an ɗan buɗe wa ɗalibai ƙofa, jirgi ɗaya tak zai kwashe su, wanda bai hau shi ba an ba wani gurbinsa. Sharuɗɗan kuma a bayyane suke. A yi gwaji ya nuna ba ta da cutar, jikinta ba zazzaɓi, ta nisanci taro kafin tafiya, kuma ba a shiga filin jirgi da ɗan rakiya. Ɗan aji biyu zai haddace wannan kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.

"Yaya, ba sai ka wahala ba," in ji Maman Auta. "Mun karanta, mun gane."

"Kun karanta? Karatu daban, fili daban. Ke da ko tashar mota sai an riƙe miki hannu?"

"Ai Auta ta iya Turanci."

"Turancin aji. Na filin jirgi wani ne. Can da gira ake magana."

Babban wa ne, kuma tun rasuwar mijinta shi ke zama a gaba in abu ya taso. Ga shi ya ba Auta kyautar akwatin da ya fi kowanne a shagonsa, shuɗi mai taya huɗu. Maman Auta ta ƙyale shi, ta cika akwatin da kaya, a sama ta ɗora rigar sanyi mai kauri wadda ta ɗinka da hannunta, ta yi mata shafi biyu.

Dabarar Kaftin ta farko ita ce killacewa. Ya ce gidan tela ba wurin zaman mai tafiya ba ne, mata na shiga suna fita, kowacce da irin tarinta. Wannan gaskiya ne, kuma ita ce gaskiya ta ƙarshe da za ka ji daga bakinsa. Ya ɗauke Auta ya kai ta sito na bayan shagonsa, ya shimfiɗa mata tabarma tsakanin akwatuna, ya kunna mata fanka, ya rufe ƙofa, ya sa makulli a aljihu. Ya dawo kujerarsa ya zauna. Sai bakinsa ya fara ƙaiƙayi.

Kwastoma na farko da ya shigo tambayar jakar makaranta, Kaftin ya rage murya. "Ka taɓa ganin ɗalibar ƙasar waje ido da ido?"

"A'a."

"Zo. Amma kada ka gaya wa kowa."

Kafin rana ta karkata layi ya kai bakin titi. Mai gyaran taya ya shiga ya yi mata addu'a ya tofa. Mai sayar da kwaɗo da makulli ya shiga da matansa su ga yadda 'yan waje suke kafin su tafi. Wani tsoho mai tari kamar injin niƙa ya zo da ƙullin magani a kai wa ɗansa, wanda da aka bincika ba ma a nahiyar yake ba. Kaftin na tsaye a ƙofa yana tsara jama'a. "Biyar-biyar, don Allah! Killace take!"

Auta ta ja manyan akwatuna ta gina katanga, ta shige baya ta kira uwarta. Maman Auta ta iso da tef ɗin awo a wuya, almakashi a hannu, ba ta ce wa kowa sannu ba. Ta kama hannun 'yarta ta fice. Da aka yi gwaji, Allah cikin ikonsa, yarinya ta fito ƙalau. Kaftin ya bi layi shago-shago yana shafa gemu. "Kun ga aikin killacewata?"

Ranar tafiya ya iso da tasi, ya sha farar riga, ya rungumo kula a ƙirji kamar jariri. Kafin a shiga mota ya miƙa hannu.

"Auta, kawo fasfo."

"Kawu, yana cikin jakata, na zuge."

"Jaka! A filin jirgi? Ni da idona na ga an zare wa mutum fasfo yana cikin atishawa. Kawo."

Ya karɓa, ya ɗaga riga, ya cusa shi a lalitar da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ja igiya ya yi ƙulli uku. Mota ta tashi. Suna hawa babban titi ya buɗe kula. Ƙanƙara ce fal.

"Bindigar nan da suke ɗora wa mutum a goshi, ni na san sirrinta," in ji shi. "Rana kaɗan ta taɓa ka sai ta ce zazzaɓi. Miƙo goshi."

"Kawu, lafiyata ƙalau."

"A ganinki. Na'ura ba ta san ƙalau ba."

"Yaya, ka bar yarinyar nan," in ji Maman Auta.

"Ke, ɗinki kika sani. Na taɓa koya miki sa zare a allura?"

Ya juyo daga kujerar gaba ya danna wa Auta curin ƙanƙara a goshi, wani na narkewa yana sa wani. Da suka hango ƙofar filin jirgi ya ƙulla ragowar a leda, ya tura mata ƙarƙashin ɗankwali. Yarinya ta sauko daga mota haƙora na kaɗawa.

A bakin ƙofa an ja igiya, ɗalibai sun yi layi da tazara, 'yan rakiya na can baya. Mai gadi, wani dogo mai takunkumi biyu, ya ɗora wa Auta na'ura a goshi. Ya duba. Ya buga na'urar a tafin hannunsa. Ya ɗora a nasa goshin, ya duba, ya sake ɗora mata.

"'Yammata, kina jin maganata?"

"Ina ji."

"Kina numfashi?"

"Ina yi."

"To na'urar nan ta ce tun jiya kika rasu."

Daga bayan igiya Kaftin ya ɗaga murya. "Ka gani? Babu zazzaɓi! Wuce da ita!"

"Malam, an ce in hana mai zafin jiki shiga. Ba a ce in shigar da gawa ba." Ya ƙara leƙa fuskarta, ya ga ruwa na tsiyaya daga ɗankwali. "Ga kuma gumi kamar an buɗe famfo. Koma gefe."

Da mai hankali ne, da ya yi shiru a nan. Kaftin kuwa ya ce abu mai sauƙi ne, sanyi ya yi yawa, sai a ƙara zafi. Ya ja ta tsakiyar wurin ajiye motoci inda kwalta ke tururi, ya zare ledar, ya ce ta ɗaga fuska sama. Ya riƙa goga mata tafin hannu a goshi kamar mai goge takalmi. Aka koma. Mai gadi ya ɗora na'ura, ta yi ja ta fara kuka.

"Yanzu kuma ta ce ki sauka daga kan wuta, kin nuna."

Aka koma inuwa, Kaftin na fifita da kwali. Aka gwada, ta yi ƙasa. Aka koma rana. Haka ya riƙa juya yarinyar mutane kamar mai gasa masara, layin ɗalibai na raguwa, lasifika na kiran jirginsu. Sai Maman Auta ta fizge 'yarta, ta zaunar da ita kan shuɗin akwati a gindin bango, ta tsaya a tsakaninsu.

"Yaya, wallahi in ka sake taɓa goshin yarinyar nan, sai na manta nono ɗaya muka sha."

Aka bar ta ta huta kamar kowane ɗan Adam. Da ta koma, na'ura ta yi kore. Ba ta ko tsaya sallama sosai ba, ta rungumi uwarta, ta ja akwati da gudu ta shige.

Kaftin ya gyara hula, ya dubi 'yan rakiyar da ke kallonsa. "Lissafi ne. Sai an kai ƙasa, a kai sama, sannan a samu tsakiya." Ya shafa tumbi don jin daɗi. Hannunsa ya taɓo lalita.

A daidai nan wayar Maman Auta ta yi ƙara. Ko ba a sa a kunne ba ana jin muryar Auta. "Mama, fasfo! Yana wajen Kawu! Sun kusa rufe kantar karɓar fasinja!"

Mai gadi ya miƙo hannu. "Kawo, Malam. Abokin aikina ya ruga ya kai mata."

"Ba shi, Yaya! Ba shi!"

"Fasfo? In ba mutumin da ban san ƙofar gidan ubansa ba? Wanda ko hancinsa ban gani ba?"

Wannan a baki ne. A zuci kuwa gemunsa ya tuna, da dukan layin 'yan akwati da suka ji rantsuwarsa. Ya ce zai zaunar da ita a kujera da hannunsa. In ya koma ya ce mai gadi ne ya ƙarasa aikin, da wane ido zai dubi mai kwaɗo da makulli? Kuma dama ya zo da shirinsa. Ya ruga bayan tasi ya buɗe but ɗinta, ya zaro ƙaton naɗin ledar nan mai sheƙi da yake naɗe wa matafiya akwati da ita, da safar hannu ta wanke-wanke, da tabarau na masu walda.

"Direba, riƙe nan. Ma'aikatan lafiya ba a tambayar su ina za su. Ni zan juya, kai ka ja da ƙarfi."

Direba ya riƙe, Kaftin ya yi ta juyawa. Daga idon sawu har wuya, zagaye kan zagaye, yadda yake yi wa akwatin da zai yi tafiya mai nisa, don shi a aikinsa ba ya algus. Ya fito yana ƙyalli, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, kowane taku sai ka ji ƙiiƙ. Ina so ka lura da abu ɗaya, mai karatu, domin shi bai lura ba. Fasfo yana cikin lalita, lalita tana ƙarƙashin riga, riga tana ƙarƙashin leda.

Maman Auta na biye da shi tana kuka tana zagi, shi kuwa ya hango wasu ma'aikata cikin fararen kayan kariya suna shiga ta wata ƙofar gefe. Ya bi bayansu yana tafiya kamar almakashi. Ta cikin tabaran walda ba ya ganin komai sai duhu-duhu, balle ya karanta abin da aka rubuta a saman ƙofa. Ƙofa ta rufe a bayansa.

Zauren masu sauka ne. Yanzu-yanzu wani jirgi ya sauke 'yan ƙasa da annoba ta rutsa da su a waje, an tara su wuri ɗaya, za a kai su killacewa. Tsakanin wannan zaure da na masu tashi akwai bangon gilashi. Kaftin ya tura tabarau goshi, sai ga Auta a ɗaya gefen, tana dukan gilashi da hannu biyu.

"Kwantar da hankalinki!" ya yi ihu. "Kawunki ya iso!"

Ya kai hannu ƙugu. Safar wanke-wanke ta zame kan leda. Ya sake, ta sake zamewa. Ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, leda ta ce ba ta san wannan ba. Ya yi tsalle ko lalitar za ta zazzago, ya yi na biyu, a na uku ya yi baya-baya, dugadugansa suka bugi bakin bel ɗin nan mai zagayawa da kayan fasinja, ya faɗi a kai warwas, rigingine.

Bel ya tafi da shi. Ga akwati a kansa, ga akwati a ƙafarsa, shi a tsakiya a naɗe tsaf, ya fi su duka kyan naɗi. Ya wuce gaban fasinjoji yana wutsil-wutsil. Ya shige ramin nan mai labulen roba, aka daina jin ihunsa, can ya ɓullo ta ɗaya ramin da ihun nasa bai yanke ba.

"Kayan wa ne wannan?" in ji wani fasinja.

"Ko na wa ne, ya biya kuɗin nauyi," in ji wata.

Har a wannan hali, da ya gifta kusa da wani jan akwati, sai da ya ce wa mai shi, "Zif ɗin nan ba zai kai baɗi ba."

A zagaye na uku babbar nas ta sa aka kashe bel. Mace ce gajera mai muryar hedimasta. Ta tsaya a kansa da almakashi.

"Kai wane sashe kake?"

"Sashen... akwati."

"Baba Leda, ka yi shiru kada in haɗa da fata."

Ta tsarge ledar daga wuya har ƙasa, gumi ya kwararo kamar an fasa randa. Da ƙyar ya yi bayani yana nuna gilashi. Aka yanke igiyar lalita, aka zaro fasfo sharkaf, aka fesa masa magani, aka ɗora a faranti, wani ma'aikaci ya zagaya da shi da gudu. Amma an riga an rufe karɓar kaya. Aka ce wa Auta mutum zai iya shiga in ya yi gudu, akwati kuwa sai wani jiƙon. Ta dubi shuɗin akwati, ta dubi kawunta ta gilashi, ta saki hannun akwatin ta ruga da 'yar jakarta. Ita ce ta ƙarshe da ta shiga, ana jan ƙofa.

Kaftin ya miƙe cikin tsummokaran leda yana ɗaga wa bayanta hannu. Nas ta tafa hannu ta yi sanarwa.

"Duk wanda ba daga jirgin nan ya sauka ba, ya koma bayan jan layin can, a fesa masa magani ya tafi gidansa. Sauran kuwa ga mota can, sai otal, mako biyu ba fita."

Ka ga ƙofa a buɗe, ko? Taku kaɗan ne. Har ya ɗaga ƙafa. Sai wata murya daga cikin fasinjoji ta ce, "A'a! Kaftin! Kai ne?"

Wani tsohon kwastomansa ne, ɗan kasuwa, wanda ya sha zama a shago yana jin labarin biranen da Kaftin ya kwana. Yana riƙe da akwatin da ya saya a wajensa.

"Ashe jirgi ɗaya muka shigo? Ban gan ka ba ko kaɗan!"

Fasinjoji suka juyo. Nas ta tsaya da biro a hannu. Abin da ake nema a bakin Kaftin kawai ya ce a'a. Ya buɗe baki, a'ar ta taho har maƙogwaro, ta ga jama'a, ta koma.

"Ina za ka gan ni?" in ji shi. "Ina can gaba, wajen matuƙi."

"To shiga mota," in ji nas.

Auta ta sauka a ƙasar mutane cikin sanyin da ko karnukansu sai an sa musu riga, ita kuwa da 'yar doguwar rigar da ta bar gida da ita. Nata zaman killacewar a naɗe cikin bargon otal ta yi shi, da shi take zama gaban waya ta bi darasi. Rigar da uwarta ta ɓata dare da rana tana ɗinkawa tana nan cikin shuɗin akwati, an mayar wa Maman Auta da shi a bakin ƙofa. Gurbi dai bai kuɓuce ba, an yi mata rajista. Amma kada wani ya ce mini tunda an dace shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. An ɗauki yarinyar da ta cika kowane sharaɗi, an tara mata masu tari, an daskarar da ita, an gasa ta, an raba ta da kayanta, saura ƙiris a raba ta da karatunta. Ba a nemi ya biya komai ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya buɗe bakin nan nasa da ba ya rufuwa ya ce ya yi kuskure, a gaban mutanen da ya yi wa kurin. Ko yaron da ya fasa tagar aji ana sa shi ya yi wannan.

Maman Auta ta nemi hakan a wajensa ta waya. "Yaya, ka kira yarinyar nan ka ba ta haƙuri."

"Haƙurin me? Ta shiga jirgi ko ba ta shiga ba?"

"Ba don kai ba, da ta shiga da rigarta."

"Ba don ni ba, da wa zai kai mata fasfo?"

Otal ɗin da aka killace su yana bayan filin jirgi, tagoginsa na kallon wurin ajiye motoci. Duk da haushinta, kullum Maman Auta na kai masa abinci ta ajiye wajen masu gadi, ta ɗaga kai ta hango shi a tagarsa ta hawa na biyu. Ita kaɗai ta san inda yake, kuma ta rufa masa asiri. Sai rannan mai kwaɗo da makulli ya kawo mata ɗinki, yana ta yaba shi.

"Kai, yayanki namiji ne. Ashe har can ya raka ta? Kullum sai ya kira mu. Jiya ya ce shugaban makarantar da kansa ya zo tarbarsa. Ya ce ke kam kuka kawai kika iya, da ba ya nan da yarinya ta rasa jirgi."

Maman Auta ta tsayar da keke. Ta cire tef daga wuya, ta naɗe shi a hankali.

"Gobe da hantsi ku rufe shaguna," in ji ta. "Akwai abin da zan nuna muku."

Washegari Kaftin na tsaye a taga. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, zafi ya ishe shi, daga shi sai ɗan tawul ɗin otal da bai gama zagaye tumbinsa ba, yana fifita da murfin kular abinci. Waya ta yi ƙara, ya ga lambar mai kwaɗo da makulli. Ya gyara murya, ya ɗaga kai sama yana kallon gajimare.

"Salamu alaikum daga ƙasar sanyi! Kuna ji na? Layin nesa ne, sai haƙuri."

"Muna ji, Kaftin, tar! Yaya gari?"

"Kai, bari, ɗan'uwa. Dusar ƙanƙara har gwiwa. Yanzu haka riga uku ce a jikina, da kwat, da hular gashi. In na yi magana sai hayaƙi ya fita. Ku da kuke gida ku gode wa Allah. Tafiya ba ta kowa ba ce."

Ya ji kamar mutane da yawa sun toshe baki suna danne dariya. Sai muryar ƙanwarsa ta shigo wayar, a natse, kamar tana gaya wa kwastoma ranar karɓar ɗinki.

"To Yaya, tunda sanyin ya kai haka, ajiye murfin kular nan ka daina fifita. Kuma ka ja labule. Duk layin 'yan akwati na nan ƙasa suna kallon cibiyarka."